Rumbu da Alƙalami: Tarihin Binciken Jarida a Ƙasar Maraɗi

Gabatarwa

Duk wanda ya taso daga Maraɗi ya bi babbar hanyar kwalta da ta nufi Damagaram, kafin ya yi tafiyar awa guda zai iske kansa a Cadawa, inda hanyar Mayahi ta rabu ta yi arewa. Tun daga nan har Agye da Gazawa gonakin hatsi da wake da gujiya da aya sun haɗe da juna, da ƙyar ido ke faɗawa a kan saurar da aka bari ta huta. Wannan yanki yana cikin ƙasar da ake kira rumbun Nijar. Amma a shekarar 2005, daga cikin wannan rumbu ne, da maƙwabtansa na Gidan Runji da Madarumfa, aka riƙa kwasar yara dubbai ana kai su wuraren jinyar tamowa.

Masana sun yi rubuce-rubuce da dama a kan dalilan wannan masifa. Abin da wannan maƙala za ta duba shi ne wani gefe na tarihin da ba a cika tsayawa a kansa ba: wa ya sani, wa ya fara faɗa, ta yaya ya gano, kuma me ya same shi bayan ya faɗa. Ta nan ne za mu ga mene ne aikin jarida mai bincike, da irin ƙayar da ke kan hanyarsa a ƙasarmu.

Zamanin murya ɗaya

Tun kafin jarida ta zo, ƙasar Hausa tana da hanyoyinta na baza labari. Akwai sanƙira mai shelar sarki, akwai fatake masu kawo labarin nesa, akwai kasuwa wadda ba ta ɓoye kome. Sai dai shela umurni take kaiwa, ba ta tambaya. Jaridar Hausa ta farko da ta yi suna, wato Gaskiya Ta Fi Kwabo, an kafa ta a Zariya a 1939, kuma hukuma ce ta kafa ta. Haka abin yake a Nijar. Gidan rediyon ƙasa ya soma aiki a 1958, kuma bayan samun mulkin kai a 1960 jaridar Le Temps du Niger ta zama bakin gwamnati. Wata ƴar kafa da talaka ya samu ita ce ta ƙungiyoyin sauraron rediyo da aka kafa a 1962, waɗanda malaman makaranta ne suka fi jagorantarsu, suna ɗaukar muryoyin manoma a faifai ana watsawa. An ji kukan karkara ta wannan hanya, amma iyakar abin da hukuma ta yarda a ji.

Ranar 15 ga Afrilu 1974 sojoji a ƙarƙashin Saini Kunce suka hamɓare gwamnatin Jori Hamani, ana tsakiyar babban fari. Babbar hujjar da suka bayar ita ce an yi sakaci da yunwar jama'a, an kuma karkatar da abincin taimako. Daga wannan rana kalmar yunwa ta zama kalmar siyasa a Nijar, domin kowane mai mulki ya san cewa ta taɓa cin gwamnati. Mutanen karkara kuwa ba su daina kiranta da sunanta ba. Har laƙabi suke ba ta don kada a manta: Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, da El Buhari ta 1984, wadda aka raɗa wa sunan shugaban Nijeriya da ya rufe iyaka a shekarar. Ke nan tarihin yunwa yana nan a bakin tsofaffi, jarida ce ba ta da izinin rubuta shi yadda yake. Sojoji sun sauya wa jaridar gwamnati suna zuwa Le Sahel, amma murya ta ci gaba da zama ɗaya.

Ƙofa ta soma buɗewa bayan harbin ɗalibai a gadar Kennedy ta Yamai ranar 9 ga Fabrairu 1990. A wannan shekara Ibrahim Shek Diop ya fito da Haske, jarida mai zaman kanta ta farko a wannan sabon zamani. A 1991, shekarar Babban Taron Ƙasa, Maman Abu ya kafa Le Républicain. Daga baya gidajen rediyo masu zaman kansu suka biyo, irin su Anfani da Sarauniya, waɗanda mutanen Maraɗi suka saba da muryarsu. Ke nan a 2005 ƴancin jarida a Nijar bai wuce shekara 15 da haihuwa ba.

Shekarar 2005

Daminar 2004 ta ɗauke da wuri, fara kuma ta faɗa wa wasu yankuna. An ƙiyasta giɓin abinci na kimanin tan dubu 223, kuma gwamnati da kanta ta nemi taimako tun watan Nuwamba 2004, ba a kula ta sosai ba. Shawarar da aka tsaya a kai da masu ba da agaji ita ce a sayar da hatsi da rangwame maimakon a raba shi kyauta, wai don kada kasuwa ta lalace. Kafin tsakiyar damina kuɗin buhun hatsi ya ninka fiye da sau biyu. Hatsi yana nan jibge a kasuwa, kuɗin saye ne babu. A farkon shekarar kuma hankalin ƴan jaridar Yamai yana kan wani rikici dabam, wato harajin kashi 19 cikin ɗari da aka ɗora a kan kayan masarufi, wanda ya jawo zanga-zanga da kame-kame a watan Maris.

A ƙarshen watan Afrilu 2005, Sahel Dimanche, jaridar sati-sati ta gwamnati, ta buga rahoto a kan yunwar da ke cin mutane a karkara. Ba a daɗe ba aka sauke babbar editarta, Malama Maimuna Tchirgni, daga muƙaminta, aka ba ta hutun dole. Ya kamata a riƙe wannan suna, domin kuwa ƴar ƙasa ce, ma'aikaciyar gidan jaridar hukuma, ta riga hotunan BBC da wata biyu da rabi. A cikin wannan wata na Afrilu ne kuma ƙungiyar likitocin nan na gari na kowa, wato MSF, wadda ke aiki a Maraɗi tun 2001, ta yi shelar cewa yawan yaran da ake kawo mata ya wuce kima. A watan Mayu Majalisar Ɗinkin Duniya ta nemi dala miliyan 16, abin da ta samu bai taka kara ya karya ba.

Sai a tsakiyar watan Yuli, da wakiliyar BBC Hilary Andersson ta ɗauki hotunan yara a wurin jinya na Maraɗi aka nuna wa duniya, sannan taimako ya ɓarke. Jami'in agaji na Majalisar Ɗinkin Duniya, Jan Egeland, ya bayyana cewa abin da aka samu a cikin kwana goma ya fi na wata goma da suka gabata. A watan Agusta aka soma rabon abinci kyauta. A wannan wata ne Shugaba Tanja Mamadu ya shaida wa BBC cewa babu yunwa a Nijar, ya zargi ƴan adawa da wasu ƙungiyoyin agaji da kambama lamarin. A ƙarshen shekara MSF ta ce ta yi jinyar yara sama da dubu 60 masu tamowa mai tsanani a faɗin ƙasar, mafi yawansu a jihar Maraɗi, har da cibiyar da ta buɗe a Agye.

Adalci shi ne a faɗi cewa masana da kansu sun yi saɓani a kan ko abin da ya faru ya cika ma'aunin da suke kira babbar yunwa, ko kuwa tsananin wata cuta ce da ta daɗe tana cin yara a kowace shekara. Amma gardamar suna ba ta rage ko yaro ɗaya daga cikin lissafi ba. Abin da ya biyo baya kuma ya nuna inda aka dosa. A watan Afrilu 2006 hukuma ta janye izinin wata tawagar BBC da ta koma jihar Maraɗi don ganin halin da ake ciki, a watan Yuli 2008 kuma aka dakatar da aikin reshen Faransa na MSF a Maraɗi.

Yadda ake bin sawu

A nan ne ya dace mu rarrabe tsakanin ɗaukar rahoto da bincike. Mai ɗaukar rahoto yana halartar taro, ya naɗi jawabin gwamna, ya koma ya watsa. Mai bincike kuwa maharbi ne, sawu yake bi. Hoton yaro ramamme yana girgiza zuciya, amma ba ya bayyana dalilin da ya sa ɗan manomi ke ramewa alhali motoci na fita da hatsi daga garinsu. Wannan tambaya ce ta 2005, kuma amsarta tana warwatse a wurare huɗu da duk mai niyya zai iya zuwa.

Na farko kasuwa. A ce ɗan jarida ya riƙa zuwa kasuwar Cadawa kowane sati tun daga kaka, yana rubuta kuɗin tiyar hatsi da kuɗin akuya a littafinsa, to kafin bazara zai ga tiya na hawa akuya na faɗuwa, alamar cewa mutane sun fara sayar da abin da suka mallaka don su ci. Na biyu rajistar likita. Tun a 2004, kafin kowa ya ambaci yunwa, cibiyar MSF ta Maraɗi ta karɓi yara kusan dubu 10. Wannan adadi ba a ɓoye yake ba, mai tambaya ne ya yi ƙaranci. Na uku tashar mota da bakin iyaka, inda ake iya ƙirga buhunan da ke bin hanyar Jibiya da Katsina zuwa kasuwar Dawanau ta Kano, ko masu shigowa daga can, a san lokacin da hanya ta juya. Na huɗu, wanda ya fi wuya, shi ne cikin gida. Can ne ake jin labarin manomin da ya ci bashi da damina ya biya da damman hatsi da kaka lokacin da hatsi ba ya da daraja, da na matar da ta rasa gamanarta saboda gandu ya ƙanƙance a hannun magada, da na gidan da ya koma ga anza da tafasa.

Daga wannan muna iya fitar da ƙa'idodin sana'ar. Gani ya kori ji, saboda haka mai bincike ba ya rubuta labarin ƙauye daga ofis. Ba ya dogara da baki ɗaya, sai ya sami na biyu wanda bai san na farko ba. Yana neman takarda, domin baki yana musu amma rasit da rajista ba sa sauya magana. Yana kai wa wanda ake zargi tambaya kafin ya buga, ya kuma kawo amsarsa yadda ya bayar. Sannan yana rufa wa wanda ya tsegunta masa asiri, ko da kuwa shi zai kwana a kaso. Wanda ya tsallake ɗaya daga cikin waɗannan ya bar bincike ya koma jita-jita, ya kuma miƙa wa abokan gabar sana'ar sandar da za su doke ta.

Kuɗin makaranta

Misalin da ya fi nuna ƙarfin takarda ya shafi malamai kai tsaye. A 2006 jaridar Le Républicain ta buga abin da wani binciken kuɗi ya gano a ma'aikatar ilimin firamare da yaƙi da jahilci, badaƙalar da ta yi suna da MEBA. Kuɗin na shirin shekara goma ne na raya ilimi, wanda ƙasashe masu ba da taimako suka zuba, kuma binciken ya nuna an yi aringizon farashi da kashe kuɗi ba bisa ƙa'ida ba, na sama da miliyar guda na sefa. Masu ba da taimako suka dakatar da kuɗinsu. Aka sauke ministoci biyu da suka taɓa riƙe ma'aikatar, majalisar dokoki ta ba da damar a gurfanar da su, aka tsare su.

Maman Abu bai tsira ba. Ranar 4 ga Agusta 2006 aka kama shi tare da abokin aikinsa Umaru Keita, ranar 1 ga Satumba aka yanke musu wata 18 a gidan kaso. Laifin da aka rubuta a takarda shi ne wani sharhi da ya ce faraminista na karkata ga ƙasar Iran, amma ƙungiyoyin kare ƴan jarida sun ce maganar MEBA ce ake rama wa. An sake su a ƙarshen Nuwamba. Ranar 31 ga Mayu 2007 majalisa ta kaɗa ƙuri'ar rashin amincewa da gwamnatin Hama Amadu a kan wannan batu, gwamnati ta faɗi. Malamin da ke koyarwa a rumfar zana a ƙauyen Gazawa, yara uku ko huɗu na leƙen littafi ɗaya, ya sami amsar wani ɓangare na tambayar da ya daɗe yana yi, kuma daga jarida ya same ta.

Tsakanin doka da kaso

Ranar 20 ga Satumba 2007 aka kama Musa Kaka, shugaban rediyo Sarauniya kuma wakilin RFI, saboda maganar da ya yi ta tarho da ƴan tawayen MNJ na arewa. Shi ya ce aikinsa yake yi, domin ba a ba da labarin faɗa da jin gefe ɗaya. Hukuma ta ce haɗin baki ne. Ya yi kwana 384 a tsare kafin a sake shi ranar 7 ga Oktoba 2008. Duk da haka ya fi wasu sa'a. A Legas an kashe Dele Giwa da bam a cikin ambulan ranar 19 ga Oktoba 1986, a Burkina Faso kuma an kashe Norbert Zongo ranar 13 ga Disamba 1998 yana tsakiyar binciken mutuwar direban ƙanen shugaban ƙasa. Sunan Zongo ne aka ba cibiyar CENOZO ta masu binciken jarida na Afirka ta Yamma da aka kafa a 2015, wadda ɗan Nijar Musa Aksar na jaridar L'Événement ya shugabanta.

Doka kuwa ta riƙa gaba tana baya. Ranar 4 ga Yuni 2010 gwamnatin riƙon ƙwarya ta Salu Jibo ta soke ɗauri a kan laifukan aikin jarida. A 2019 dokar laifukan intanet ta dawo da shi ta bayan gida. Da ita aka tsare Samira Sabu kwana 48 a 2020, bayan abin da ta rubuta a Facebook game da binciken kuɗin sayen makamai na ma'aikatar tsaro, inda aka yi maganar sama da miliyar 70 na sefa. A 2021 kotu ta ci Musa Aksar tara a kan rubutunsa game da wannan batu. A 2022 aka gyara dokar aka cire ɗauri a kan ɓata suna. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka dakatar da RFI da France 24, a watan Yuni 2024 kuma wata sabuwar doka ta maido da ɗaurin. Darasin shi ne, ƴancin da doka ta bayar yau wata doka na iya karɓe shi gobe, muddin jama'a ba su ɗauke shi nasu ba.

Harshe, aljihu da kunya

Ba hukuma kaɗai ce ƙaya ba. Kusan duk manyan binciken da muka ambata da Faransanci aka rubuta su, a Yamai aka buga su, kofi kaɗan ne ke isowa Maraɗi, balle Cadawa. Mutanen da abin ya shafa sai dai su ji gutsurensa a sashen Hausa na gidajen rediyon waje. Gidajen rediyon karkara da suka yaɗu tun daga wajen shekarar 2000 suna magana da harshen jama'a, amma ba su da kuɗin man babur, ga shi kuma suna zaune ƙofa da ƙofa da magajin gari da hakimi. Wakilin da albashinsa ba ya zuwa, wanda ke jiran kuɗin mota daga mai taro, da wuya ya binciki mai taron. Bakin da ya ci shi ke kunya.

Akwai kuma ƙayar da ke cikin tarbiyyarmu. Babbar addu'ar Bahaushe ita ce Allah ya rufa asiri. Magidanci ya gwammace ya kwana da yunwa da ya ce rumbunsa ya ƙare a gaban baƙo, kuma wanda ya fallasa abin da ke ɓoye ana kiransa mai tonon asiri, sunan da babu mai so. Masu cin dukiyar jama'a sun daɗe suna fakewa a bayan wannan kyakkyawar ɗabi'a. To amma asiri iri biyu ne. Akwai na gida, wanda ya wajaba ɗan jarida ya suturta: fuskar uwa da tsiraicin ɗanta marar lafiya ba kayan talla ba ne, kuma a 2005 an nuna hotunan da bai kamata a nuna su haka ba. Akwai kuma amana, wato hatsin taimako da kuɗin makaranta da maganin likita, waɗanda ba na kowa ba ne don na kowa ne. Wanda ya tambayi inda amana ta shiga bai tona asirin kowa ba, kayansa yake cigiya.

Kammalawa

Tarihin nan ya nuna cewa a 2005 ba labari ne ya ɓace ba. Yana cikin kuɗin tiya, yana cikin rajistar likita, yana bakin matan da ke tsinkar tafasa, kuma wata ƴar ƙasa ta rubuta shi tun watan Afrilu. Abin da aka rasa shi ne masu tsaya mata, da masu karanta abin da ta rubuta da harshen da suke ji. Watanni biyu da rabi da suka shige tsakanin rahotonta da hotunan BBC, a rayuwar yaro mai tamowa, lokaci ne mai tsawo ƙwarai.

A nan malamai da ƙungiyoyin al'adu suke da rawar takawa, kamar yadda magabatansu suka yi a ƙungiyoyin sauraron rediyo na 1962. Malamin da ya saba wa ɗalibansa da tambayar “wa ya faɗa, a ina ya gani, wa ya shaida”, ya shuka irin bincike ko da babu ɗan jarida ko ɗaya da zai fito daga ajinsa. Ƙungiyar da ta ajiye littafi tana rubuta kuɗin hatsi na kowace kasuwa, ta kuma naɗi abin da tsofaffi ke tunawa na El Buhari da na 2005 tun suna raye, ta tanadar wa mai bincike na gobe hujjar da na jiya ya rasa. Wanda kuma ya iya harsunan biyu, ya mayar da rahoton binciken kuɗi zuwa Hausa mai sauƙi, ya kai shi inda ya kamata ya je tun farko. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin da ya rage shi ne ya rubuta ranar da yoyon ya fara, da sunan wanda aka ba kuɗin yaɓe.